Farfesa Jibril Aminu: Likitan zuciyar da ya bi ta Maiduguri zuwa Majalisar Dattawa

A ranar Alhamis, 5 ga Yunin 2025, ranar hawan Arfa, Allah Ya yi wa Farfesa Jibril Muhammad Aminu rasuwa a Abuja yana da shekara 85. Likitan zuciya ne a asali, amma mafi yawan waɗanda suka san sunansa a ma'aikatun tarayya ba a asibiti suka san shi ba. Sun san shi ne a matsayin Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, Shugaban Jami'ar Maiduguri, Ministan Ilimi, Ministan Man Fetur, Jakadan Najeriya a Amurka, kuma Sanata mai wakiltar Adamawa ta Tsakiya har wa'adi biyu.

Ba kasafai ake samun mutum guda ya riƙe waɗannan kujeru duka ba, balle a ƙarƙashin gwamnatoci masu saɓanin hali, na soja da na farar hula. Ga ma'aikacin gwamnati da ke zaune a sakatariya a yau, ko hadimin da ke rubuta wa minista takarda, tarihin wannan bawan Allah ya ƙunshi tambayar da ta shafe su kai tsaye: a cikin abin da mai riƙe da muƙami yake sa wa hannu, me ke wanzuwa bayan ya tashi, me kuma ke rushewa?

Daga Song zuwa Ibadan

An haife shi a garin Song, cikin Jihar Adamawa ta yanzu, a watan Agustan 1939. Ya yi sakandare a Kwalejin Barewa ta Zariya, makarantar da ta yaye da yawa daga cikin shugabannin ƙasar nan. Daga bisani ya wuce Jami'ar Ibadan, inda ya kammala karatun likita a 1965.

A wancan lokacin babu makarantar koyon aikin likita ko ɗaya a duk faɗin Arewa, domin sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tata. Ɗan Arewa mai son zama likita sai ya yi kudu ko ya tsallaka teku, kuma waɗanda suka yi hakan ba su da yawa. Wannan gibi na ilimi tsakanin sassan ƙasa, wanda ya gani da idonsa tun yana ɗalibi, shi ne batun da ya fi komawa kansa a tsawon rayuwarsa ta aiki.

Ya ƙaro karatu a Landan, inda ya sami digirin digirgir a fannin likitanci a 1972. Da ya dawo, ya zama ƙwararren likita kuma babban malami a makarantar likitanci ta Ibadan daga 1973 zuwa 1975. Da ya tsaya nan, da tarihinsa ya zama irin na sauran manyan malaman asibiti: ɗalibai, majinyata da takardun bincike.

Kujerar farko da darasin farko

A 1975 aka ɗauke shi daga ɗakin majinyata aka ba shi Hukumar Kula da Jami'o'i, wato NUC, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shekara guda kafin nan ne doka ta ba hukumar cikakken iko, bayan ta daɗe tana matsayin mai ba da shawara kawai. Lokaci ne na kuɗin mai, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta kafa sababbin cibiyoyi bakwai na ilimin jami'a: a Kalaba, Jos, Maiduguri, Sakkwato, Ilorin, Fatakwal da Kano. Raba musu kuɗi, tsara gine-ginensu da nemo musu malamai duk sun ratsa ta teburinsa.

A wannan zamani ne kuma aka kafa hukumar JAMB a 1978, domin a daina barin kowace jami'a tana ɗaukar ɗalibai yadda ta ga dama. Aminu na cikin waɗanda suka fito fili suka ce matuƙar ana son ƙasa ɗaya, dole a duba jihohin da aka bari a baya. Masu suka sun ce hakan tauye cancanta ne. Har yau muhawarar ba ta mutu ba, kuma tsarin da jami'o'in tarayya suka daɗe suna bi, na ware kaso ga cancanta, kaso ga yankin da jami'a take, kaso ga jihohin da ke baya a ilimi, daga wannan tunani ya samo tushe.

Amma darasi mafi ɗaci ya zo ne a watan Afrilun 1978. Kuɗin mai ya ja baya, sai aka ƙara wa ɗalibai kuɗin abinci da na ɗakin kwana, kuma ta bakin hukumarsa sanarwar ta fito. Ƙarin kuɗin abincin kwabo hamsin ne a rana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta kira zanga-zangar da ta nemi a tsige Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, wanda shi ma likita ne. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. A takarda, kwabo hamsin ba wani abu ba ne. A aljihun ɗalibin da iyayensa manoma ne, lissafin daban yake.

Shekaru biyar a Maiduguri

Bayan shekara guda yana koyarwa a Jami'ar Howard da ke birnin Washington, an naɗa shi Shugaban Jami'ar Maiduguri a 1980. Garin ba baƙonsa ba ne ta fuskar mulki: daga 1967 zuwa 1976 Maiduguri ce hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas, wadda ta haɗa har da mahaifarsa, kafin a raba ta zuwa Borno, Bauchi da Gongola.

Jami'ar da ya tarar jaririya ce. Ta gaji harabar tsohuwar Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Arewa maso Gabas da ke kan hanyar Bama, kuma Farfesa Essien-Udom ne ya fara jan ragamarta. A da, daga Legas Aminu ke aika wa irin waɗannan jami'o'i kasonsu. Yanzu shi ne a ɗaya ɓangaren, mai jiran kaso, a garin da ya fi kowace babbar cibiya nisa da fadar gwamnati.

Zamanin kuma bai zo da sauƙi ba. Siyasar Jamhuriya ta Biyu ta yi zafi a Borno, inda jam'iyyar GNPP ta Gwamna Mohammed Goni ke mulki alhali NPN ke riƙe da tarayya. A farkon 1980 ne aka kori shugaban masu rinjaye na majalisar jihar, Alhaji Shugaba Darman, zuwa Chadi bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne, kafin kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. Farashin mai ya faɗi, har gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A watan Oktoban shekarar, rikicin mabiya Maitatsine ya ɓarke a Bulumkutu. A ƙarshen 1983 sojoji suka karɓe mulki.

Duk da haka, a cikin waɗannan shekaru ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya fara karɓar majinyata, kuma Shugaba Shagari ya buɗe shi a watan Yulin 1983. Wannan ne ya ba yankin damar horar da likitocinsa a gida, abin da babu shi lokacin da shugaban jami'ar yake ɗalibi. Aminu ya riƙe kujerar farfesan likitanci a jami'ar, kuma ya ci gaba da riƙe ta har bayan ya zama minista. Jawabai da maƙalunsa na wannan zamani su ne aka tattara a littafin da ya fito a 1986 mai suna *Quality and Stress in Nigerian Education*, wanda ya tattauna yadda za a faɗaɗa ilimi ba tare da ingancinsa ya zube ba.

Da ya tashi a 1985, Farfesa Muhammad Nur Alkali, masanin tarihin Borno, ya gaje shi.

Ma'aikatar Ilimi: yabo da suka

Bayan juyin mulkin 27 ga Agustan 1985, Janar Ibrahim Babangida ya jawo malaman jami'a da dama cikin majalisar ministocinsa. Farfesoshin likitanci biyu ne suka fi fice a ciki. An ba Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, Ma'aikatar Lafiya, inda ya dage kan kiwon lafiya matakin farko da rigakafi. Shi kuwa Aminu aka ba shi Ilimi.

Shekaru huɗun da ya yi a can sun bar hukumomin da har yau wasu masu karanta wannan rubutu ke karɓar albashi a cikinsu. A 1988 aka kafa Majalisar Bincike da Bunƙasa Ilimi, NERDC, mai tsara manhaja. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi. A zamaninsa ne aka ɗauki shirin ilimin yara masu hazaƙa ta musamman, wanda ya haifar da makarantar tarayya ta Suleja.

Wanda aka fi danganta shi da sunansa shi ne ilimin makiyaya. Tunanin mai sauƙi ne: yaron da ke bin garke ba zai zauna a aji daga safe zuwa azahar, wata tara a shekara, a gari ɗaya ba, saboda haka makaranta ce za ta daidaita da rayuwarsa, ta fuskar lokaci, wuri da abin da ake koyarwa. Doka mai lamba 41 ta 1989 ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, mai hedikwata a Kaduna, kuma daga baya aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. An soki shirin ta fuska biyu. Wasu sun ce Bafulatani ne ya yi wa danginsa gata da kuɗin ƙasa. Wasu kuma sun ce kamata ya yi a fara da zaunar da makiyaya wuri guda. Shekaru talatin da 'yan kai bayan haka, duk wanda ya dubi halin da dazukan Zamfara, Katsina da Neja suke ciki ba zai ce ilimin ɗan makiyayi ƙaramin al'amari ba ne. Abin da za a iya tambaya shi ne ko gwamnatocin da suka biyo baya sun ba hukumar abin da za ta yi aiki da shi.

Akwai kuma Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa, da aka kafa a 1988 domin magance matsalar albashin malamai, wanda kan maƙale tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi. Labarinta abin lura ne. Gwamnatin da ta kafa ta ita ce ta rushe ta a 1991, bayan ministan ya koma wata ma'aikata. Aka dawo da ita a 1993, daga bisani shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999 ya haɗiye ta, dokar 2004 kuma ta kafa UBEC. Hukuma ɗaya, an kafa, an rushe, an farfaɗo, an sauya suna, alhali malamin firamare a ƙauye yana nan yana jiran albashinsa.

Ɗaya fuskar zamanin ta fi duhu. A watan Mayun 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, lamarin da ya tayar da tarzoma a jami'o'in ƙasar. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP ya karya darajar Naira, albashin malamin jami'a ya zama abin tausayi, ƙwararru suka fara ficewa, ciki har da likitocin asibitocin koyarwa da suka nufi Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. Ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki a 1988, gwamnati ta haramta ta, kuma haramcin bai tashi ba sai 1990. A 1989 zanga-zangar adawa da SAP ta sa aka rufe jami'o'i da dama. Malaman da suka rayu a wannan zamani da yawansu ba su yafe wa ministan ba, musamman da yake daga cikinsu ya fito. Magoya bayansa kuwa suna cewa gwamnatin soja ce, kuma ba shi ke da wuƙa da nama ba. Ko wanne ɓangare aka ɗauka, sunansa ne a kan kujerar, kuma da shi ake tuna abin da ya faru.

Likita a ma'aikatar mai

A ƙarshen 1989 aka yi wa majalisar ministoci garambawul. Dakta Rilwanu Lukman, injiniyan ma'adinai, ya koma Harkokin Waje, aka ba Aminu Man Fetur da Ma'adinai, Farfesa Babs Fafunwa kuma ya karɓi Ilimi. Watanni kaɗan bayan haka, a Agustan 1990, Iraƙi ta mamaye Kuwait, farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi. A cikin wannan yanayi ya shugabanci ƙungiyar ƙasashen Afirka masu arzikin mai a 1991, ya kuma zama shugaban taron OPEC daga 1991 zuwa 1992.

A cikin gida, zamaninsa ne aka fara ba kamfanonin 'yan ƙasa lasisin haƙar mai da gangan, a harkar da kamfanonin waje suka mamaye tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956. Kamfanin Mike Adenuga na cikin waɗanda suka amfana, ya kuma yi nasarar samun mai a 1991. Manufar ta buɗe ƙofa ga 'yan Najeriya, sai dai ta bar wata al'ada da aka daɗe ana kuka da ita: raba rijiyoyin mai bisa ganin damar masu mulki, ba ta gasa a fili ba. Ya bar ma'aikatar a 1992, jim kaɗan bayan fadar gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disambar 1991.

Daga naɗi zuwa zaɓe

Har zuwa wannan lokaci, duk kujerar da ya hau naɗa shi aka yi. Ya halarci taron tsara kundin mulki na 1994 zuwa 1995, sannan da farar hula suka dawo a 1999, Obasanjo ya tura shi Washington a matsayin jakada. Aikin da ke gabansa shi ne gyara alaƙar da ta lalace a zamanin Abacha. A lokacinsa ne Shugaba Bill Clinton ya ziyarci Najeriya a Agustan 2000, kuma yana can aka kai harin 11 ga Satumban 2001, ranakun da ba su yi wa jakada Musulmi daga ƙasa mai ɗimbin Musulmi sauƙi ba.

A 2003, yana da shekara sittin da uku, ya nemi ƙuri'a a ƙarƙashin PDP, ya gaji Sanata Abubakar Girei a kujerar Adamawa ta Tsakiya. Aka sake zaɓensa a 2007. A majalisa ya shugabanci kwamitin harkokin waje. Siyasar gida kuwa ta nuna masa wata fuska da bai saba da ita a ofis ba. Adamawa ce mahaifar Mataimakin Shugaban Ƙasa Atiku Abubakar, kuma da rikici ya ɓarke tsakanin Atiku da Obasanjo, Aminu ya tsaya a ɓangaren shugaban ƙasa, abin da ya raba jam'iyyar a jihar gida biyu, ya kuma jawo masa maƙiya a tsakanin mutanen da a da suke alfahari da shi. Ya bar majalisa a 2011, Bello Tukur ya gaje shi.

Ba shi ne likitan Arewa na farko da ya bi wannan hanya ba. Dakta Russell Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya kuma zama kwamishinan tarayya a zamanin Gowon. Dakta Dalhatu Tafida, wanda ya taɓa zama likitan Shugaba Shagari, ya riƙe Ma'aikatar Lafiya, ya kuma jagoranci masu rinjaye a Majalisar Dattawa. Abin da ya bambanta Aminu shi ne bai taɓa riƙe Ma'aikatar Lafiya ba. Ilimin da ya ɗauke shi shekaru yana nema bai yi masa aiki kai tsaye a ko ɗaya daga cikin manyan muƙamansa ba, in ban da Maiduguri.

Abin da ya rage

Wannan ya sa wasu ke ganin ƙasa ta yi asarar likitan zuciya a lokacin da irinsa ba su da yawa. Hujjar tana da ƙarfi, musamman yau da matasan likitoci ke tururuwa zuwa Birtaniya, Kanada da Saudiyya. Amma ana iya auna ta da abin da ke tsaye a kan hanyar Bama. Likita ɗaya, komai ƙwarewarsa, majinyatan da zai duba a rayuwarsa ƙidayayyu ne. Asibitin koyarwar da aka buɗe a 1983 ya shafe fiye da shekara arba'in yana yaye likitoci, yana karɓar majinyata daga Borno da Yobe da maƙwabtan Chadi, Kamaru da Nijar.

Cibiyoyin biyu sun sha jarrabawa da waɗanda suka kafa su ba su taɓa tsammani ba. Tun daga 2009 asibitin ya zama matattarar waɗanda rikicin Boko Haram ya jikkata. A ranar 16 ga Janairun 2017 aka kai harin ƙunar baƙin wake a wani masallaci cikin jami'ar, inda wani farfesa ya rasu. A watan Yulin shekarar aka yi wa tawagar masu binciken mai, da ta haɗa da malaman jami'ar, kwanton ɓauna a yankin Magumeri. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassan gari, ya shiga asibitin ya lalata na'urori masu tsada. Duk da haka jami'ar na ci gaba da karatu, asibitin kuma ya koma aiki.

Idan aka jera abin da Aminu ya bari, za a ga wani tsari. Abubuwan da suka sami doka, ma'aikata da mutanen da ke buƙatarsu kullum, kamar asibitin Maiduguri da hukumar jami'o'i, sun rayu. Abubuwan da suka dogara da kasancewarsa a kujera, kamar hukumar firamare ta 1988, sun girgiza da zarar ya juya baya. Waɗanda kuma suka sami doka amma aka hana su kuɗi, kamar ilimin makiyaya, suna nan da rai amma ba su kai inda aka nufa ba. Matakan da aka ɗauka ba tare da jin ta bakin waɗanda abin ya shafa ba, a 1978 da 1988, su ne har yau ake ambatawa duk lokacin da aka zo suka.

Daraktoci da manyan sakatarori da hadiman da ke shirya wa shugabanni takardu su ne suka fi kowa sanin cewa minista baƙo ne, fayil kuwa ɗan gida. A Kaduna, hukumar da doka mai lamba 41 ta kafa na nan tana jiran kasonta a kowane kasafi. A Maiduguri, ɗaliban likitanci na zagayen majinyata a ɗakunan da aka buɗe zamanin da wani likita daga Song yake shugabancin jami'ar. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.